Hatimin Tagulla

Ruwan teku ya sake hawowa layinmu a Pekalongan,
ya tsaya a bakin dakali yana jira.
Ni ina saman bene da tsohuwar kwamfuta
wadda Malam Harjono ya ba ni aro,
madanninta ɗaya ya ɓalle,
sai an sa farce kafin ya amsa.

Kwana biyu ina sauke kayan aikin Java.
Ya kai tamanin cikin ɗari, layi ya yanke,
in koma farko.
Da ya sauka, na kira mai fassara da sunansa a baƙin allo,
injin ya ce bai san shi ba.
Ashe sai an yi masa kwatance,
unguwa da lungu da ƙofar gida,
kamar baƙon da mota ta sauke da tsakar dare.

Java. Na yi dariya ni kaɗai.
Tsibirin da aka binne cibiyata,
wasu can nesa suka sha gahawarmu
suka raɗa wa harshensu sunan,
ga shi ya dawo gida ban iya gaishe shi ba.

Layi biyar na rubuta don allo ya ce sannu.
Ya ƙi.
Na bi su ɗaya-ɗaya har aka kira isha'i,
shayi ya huce, sauro ya ci rabonsa,
ashe waƙafi mai ruwa na manta
a ƙarshen layi na uku.
Ɗigo da ɗan wutsiya,
shi ya hana ni cin abincin dare.

A ƙasa babana Darmaji yana aiki.
Ya tsoma hatimin tagulla a narkakken kaki,
ya ɗora a farin yadi, ya ɗaga, ya matsa gaba.
Shekara talatin da ɗaya hannunsa bai kauce ba.
Na ce, Baba, littafin nan ya ɗaure min kai,
wai akwai aji, akwai abu,
aji ba abu ba ne amma daga cikinsa abu ke fita.
Bai ɗago ba. Ya ce, Wening, wannan hatimin fure ne?
Na ce a'a.
Ya ce, to ƙirga furannin da ke kan yadin nan.
Gobe wannan zai sha shuɗi, wancan ja.
Kin ga ƙaramin can a rataye?
Daga na kakanki aka fitar da shi,
ya gaji ganyen, aka ƙara masa tsuntsu.

Ban jira ya gama ba.
Na sa wa ajina na farko suna Yadi,
na ba shi tsawo da launi,
sunan mai shi, da kuɗin da ya rage.
Sati uku ina kwafe littafin bashin gidanmu.

Ranar Laraba na sauko da kwamfutar in nuna masa,
na bar ta a benci, barci ya ɗauke ni.
Cikin dare ruwa ya ƙetare dakali.
Da safe na ɗaga ta tana ɗiga,
littafin bashin ma ya zama kunu.

Saura ɗan ƙaramin ma'aji a jikin makullina.
Na ratsa ruwa zuwa gwiwa har shagon Laksmi mai gyaran waya.
Ta ce, tawa ba irin taki ba ce, ba sa jin maganar juna.
Na ce, bari dai mu gani.
Muka sa mata injin Java, muka jira, na danna.

Sumirah, yadi goma sha biyu, shuɗi,
saura dubu arba'in.

Na kira Baba a waya, muryata tana rawa.
Ya yi shiru, ina jin ƙarar tsintsiya yana korar laka.
Can ya ce, au, har yanzu ba ta biya ba?
Ki rubuta wani a ƙasa:
Malam Harjono, kwamfuta ɗaya, a kanmu.